Sifilin da Na Ba Yagana a Gashua

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yammacin Litinin, a ofishin Alhaji mai kamfaninmu a Nguru, muna mu uku. Alhaji yana kan kujerarsa, direbansa yana tsaye a bakin ƙofa, ni kuma ina durƙushe a gefen tebur na kawo makullan sito. A nan aka ba ni umarnin wannan tafiya.

Tun da na dawo, ku da muke zama a majalisar bakin sito bayan La'asar kun hana ni sakat. Yaya jami'a, me aka ci, kujera aka ba ni ko benci. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa yana tafiya da wurin da ya ba shi dariya. Shi ya sa na zauna na rubuta shi bi da bi. Wanda zai karanta ya karanta duka, domin akwai abin da nake nema a wurinku.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Malam Idi. Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da siton kamfanin da ke sayen riɗi da ƙaro, a gyara, a tura gaba. Bokona ya tsaya a aji uku na sakandare. Duk wanda za a ɗauka aiki a wurinmu, ni nake fara duba shi kafin Alhaji ya gan shi.

Alhaji ya miƙo mini wata takarda ya ce, “Malam Idi, daga jami'a ce a Gashua. Suna taron shirya ɗaliban ajin ƙarshe don shiga aiki. Wurare biyar suka yarda kowa zai karɓi ɗalibi ɗaya na wata shida, in ya yi kyau a riƙe shi. Na sa sunanmu. Suna son mutum ɗaya daga nan ya zauna cikin masu tantancewa. Ni gobe ina Kano, kai za ka je.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, me zan yi a can?”

Ya ce, “Abin da kake yi a nan. Ka dubi yaro ka ce ya yi ko bai yi ba.”

Wannan kam na iya, sai na ce to.

Talata ƙarfe shida da rabi ina tasha, cikin farar babbar rigata ta Juma'a, an yi mata bugu. Ƙaramar mota ce, direban wani Babarbare ne wai shi Modu. A baya mu huɗu: ni, da wata mai sayar da banda, da 'yarta, da wani dattijon Bafulatani da sandarsa, za shi kasuwar shanu. Tun kafin a tayar da mota suka fara.

Modu ya ce, “Kai Bafulatani, matse jikinka ka ba Malam wuri. Da ma ba wani jiki gare ka ba, nono kawai.”

Dattijon ya ce, “Tuƙa ni a hankali, bawana. Yau ka samu albarka, ka ɗauko ubangidanka.”

“Wannan sandar fa? Motata za ka kora?”

“In ta tsaya, da ita za mu tashe ta. Na ga alamar ba ta ci ciyawa ba.”

Bayan motar ya cika, kwali ɗaya na banda ya rasa wuri. Matar ta dube ni ta ce, “Baba, don Allah a taimaka, nan da Gashua ne kawai.” Ban ce to ba, ban ce a'a ba, sai ga kwali a kan cinyata. Kafin mu kai Jajimaji na ji wani ɗumi yana bin gwiwata. Man kifi ne ya huda kwalin. Na haƙura, domin magana ba za ta mayar da shi ba.

Gaba kaɗan akwai shingen bincike. Wani jami'i ya leƙo ya ce kowa ya faɗi inda za shi. Da ya zo kaina na nuna masa takardar gayyata. Ya karanta, ya dubi kwalin, ya sake duban takardar.

Ya ce, “Baba, jami'a za ka da kifi?”

Dattijon nan ya karɓe ya ce, “E, shi zai koya musu. Babban malamin banda ne.”

Duk motar aka yi dariya har da jami'in. Ni ban yi ba.

Ƙarfe takwas da kwata muka shiga Gashua. Na hau babur zuwa jami'a. Mai gadin ƙofa bai ma bari na buɗe baki ba. Ya shaƙi iska sau ɗaya ya ce, “Masu kawo kaya ɗakin girki ta ƙofar baya suke bi.” Sai da na fito da takarda, ya yi waya, sannan wani saurayi mai gilashi ya zo da sauri. Na ɗauka ɗalibi ne. Ashe shi ne Dakta Musa, malamin da ya shirya taron, sa'an ɗana na biyu. Ya gaishe ni da kyau, ya rataya mini wani kati a wuya mai ɗauke da sunana. A Nguru ba na bukatar kati, amma na bar shi.

Ya ce, “Baba, yanzu za a fara lacca. Hajiya Asabe ce daga banki za ta yi wa ɗalibai tuni a kan yadda ake shiga intabiyu. Ka zo ka zauna a gaba.”

Na dubi rigata. Tabon ya kai faɗin faifai. Na ce ba zan zauna a gaban yara haka ba, a nuna mini wurin alwala. Can na tuɓe babbar rigar, na samu sabulu wurin wani mai shara, na wanke wurin, na shanya a kan wata bishiya, na zauna ina gadinta daga ni sai 'yar ciki. Ƙarfe tara na fara, sha ɗaya da rabi ta bushe. Da na shiga zauren, ana tafi, Hajiya Asabe tana komawa mazauninta. Ku riƙe wannan: ban ji ko kalma ɗaya daga laccar ba.

Abin da na fara lura da shi, ɗaliban. Samarin da yawansu sun sa kwat a cikin wannan zafin, da igiyar nan da ake ɗaurawa a wuya. Wani ya aro ta wanda ya fi shi jiki, hannun rigar ya rufe masa yatsu. 'Yan matan kowa da fayil a ƙirji. Kowa yana tafiya a miƙe kamar an sa masa sanda a baya.

Daga nan aka ce abinci. Na yi murna, don ko koko ban sha ba. Ashe shi ma darasi ne. Shinkafa ce da kaza, an ajiye wa kowa wuƙa da cokali mai yatsu. Hajiya Asabe tana zagayawa tana cewa wata rana babban mutum zai gayyace su cin abinci, kada su kunyata kansu. Ta nuna wuƙa a dama, cokali a hagu. Na zuba ido in ga ko da hagun za a kai baki. Wasu suka kai. Wasu suka yanka naman duka, suka mayar da cokalin dama. Wani yaro ya danna cinyar kaza da wuƙa, ta yi tsalle ta faɗa farantin na kusa da shi, shi kuma ya cinye abinsa.

Na tambayi Dakta Musa a hankali, “Wane ofis ne ake cin abinci da hagu?”

Ya yi dariya ya ce, “Baba, ba dole ba ne, don dai su san yadda ake yi.”

Ban gane ba. In ba dole ba ne, me ya sa ake koyarwa? Na nemi ruwa na wanke hannu na ci abincina. Da yara biyar na teburinmu suka gani, su ma suka ajiye ƙarafan. Hajiya Asabe ta hango mu, ta wuce teburin gaba.

Bayan Azahar, ƙarfe biyu saura kwata, aka kai mu wani ɗaki mai dogon tebur. Mu uku ne masu tantancewa: Hajiya Asabe a dama, wani injiniya daga kamfanin casar shinkafa a hagu, ni a tsakiya saboda shekaru. Kujera ɗaya tana fuskantarmu. Ɗalibai goma sha takwas za su shigo ɗaya bayan ɗaya. Za a haɗa makinmu, biyar na sama su ne za su samu guraben nan biyar. Sauran sai haƙuri.

Dakta Musa ya ba kowa fom. Ya sunkuyo kusa da ni ya fassara mini da Hausa. “Layi uku ne, Baba, kowanne maki goma. Na farko kallon ido. Na biyu yadda mutum yake faɗin kansa. Na uku sanin aikin. Kuma kada ku nuna wa juna makinku sai an gama, don kada wani ya ja ra'ayin wani. An gane?”

Na ce, “An gane.”

Kuma wallahi a zuciyata na gane. Har na yaba wa jami'ar. Na ce ashe su ma sun san abin da ake dubawa. Shekara talatin da ɗaya abin da nake dubawa ke nan: yaro ya iya riƙe idonsa a gaban babba, ko kuwa mai tsaurin ido ne. In an tambaye shi game da kansa, yana da kunya ko mai cika baki ne. Sannan hannunsa ya san aiki. Bai taɓa shigowa kaina ba cewa akwai inda ake ba yaro maki don ya ƙura wa dattijo ido.

Na farko ya shigo da takalminsa. Ya ce barka da rana sau ɗaya, bai tambayi gajiya ba, bai tambayi iyali ba. Ya miƙo mini hannu tun kafin in miƙa, ya matse shi kamar yana tatsar rake. Ya zauna ya kafe ni da ido. Na dube shi don ya sauke, ya ƙara buɗewa. Na ba shi biyu. Na biyu haka, na uku haka. Na ce a raina, lallai malaman nan suna da aiki, shi ya sa suka kira mu. Abin da ya ɗaure mini kai, duk wanda ya fi tsaurin ido, sai in ga Hajiya Asabe tana gyaɗa kai tana murmushi. Na ɗauka irin murmushin da ake yi wa marar lafiya ne.

Duk kuma bakinsu ɗaya. Kowa mai ƙwazo ne, kowa yana iya aiki da jama'a, kowa yana iya jure wahala. Injiniya yana tambayar kowa, “Ina kake ganin kanka nan da shekara biyar?” Na jira in ji wanda zai ce Allah ne masani. Sai dai in ji manaja, darakta, mai kamfani. Wasu suna ƙara in Allah ya yarda a ƙarshe, da sauri, kamar wanda ya tuna ya bar buta a masallaci.

Na tara shi ne Adamu. Ya shigo a miƙe kamar sauran, ya yi taku uku, ya ga furfurata, sai duk abin da aka koya masa ya zube. Ya koma bakin ƙofa ya cire takalmi, ya durƙusa ya ce, “Baba, ina wuni? An zo lafiya? Yaya aka baro gida?” Da ƙyar aka sa shi ya hau kujera, kuma a bakin-bakinta ya zauna, idonsa a kan yatsun ƙafarsa. Aka ce ya faɗi abin da ya fi wasu da shi. Ya ce, “Ai ban fi kowa ba, sai dai abin da aka koya mini.” Na ba shi goma a kallon ido, goma a faɗin kai. A sanin aiki shida, domin amsarsa tsaka-tsaki ce.

Ta goma sha huɗu ita ce Yagana. Doguwa ce, da hijabi ruwan toka, ta karanta kimiyyar noma. Ta yi sallama, ta tsaya har aka ce ta zauna. Sannan ta ɗago kai ta dube ni. A cikin su goma sha takwas ba wanda ya dube ni kamar yadda ta yi. Ko ƙiftawa ban ga ta yi ba. Ni da na haifi wadda ta girme ta, ni ne na sauke ido.

Hajiya Asabe ta ce, “Me ya sa za mu ɗauke ki, mu bar sauran?”

Ta ce, “Saboda ni ce na fi dacewa da wannan aiki. A ajinmu ba wanda ya kai ni gwajin iri.”

Na ji kamar an watsa mini ruwa. Mace, a gaban manya uku. Na ce bari in kama ta a inda ba a cika baki. Na ce, “An kawo riɗi buhu hamsin, mai kaya yana tsaye yana rantsuwa ya bushe. Na'urar gwajin danshi ta lalace. Yaya za ki yi?”

Ta ce, “Ba zan duba na bakin buhu ba, Baba, shi ake shanyawa a zuba a sama. Zan sa hannu har tsakiya. In na ji ɗumi, akwai danshi. Zan damƙa in saki, in ya dunƙule bai bushe ba. Zan tauna, busasshe yana ƙara. Kuma ba buhun da ya nuna mini zan buɗe ba, na ƙasan mota zan ce a sauko da shi.”

Wannan na ƙarshen, ni sai da na yi shekara huɗu a sito kafin in koye shi. Na ba ta goma a sanin aiki, ban yi ƙwauro ba. Da aka ce ko tana da tambaya, ta sake duba na ta ce, “Ƙarfe nawa ake tashi a wurinku?” Ba a ɗauke ki ba, kina tambayar lokacin tashi. Na rubuta sifili a kallon ido, sifili a faɗin kai. Ita kaɗai na ba sifili.

Ƙarfe biyar da minti goma aka tara kowa a zaure. Wasu ɗalibai biyu sun haɗa makin a kwamfuta, Dakta Musa ya karanta sunaye biyar. Na biyar shi ne Adamu, kuma kamfaninmu aka ba shi. Na ji daɗi. Aka kira su suka sa hannu a gaban jama'a, aka ɗauki hoto, ni ma ina ciki.

Muna fita Hajiya Asabe ta tare Dakta Musa ta ce, “Ina Yagana? Na ba ta kusan duka makin. Injiniya ma haka ya ce mini.”

Muka koma ɗakin, aka fito da fom. Dakta Musa ya duba nawa, ya cire gilashi, ya mayar.

Ya ce, “Baba, me yarinyar nan ta yi maka?”

Na ce, “Ba ku ga yadda take kallon mutane ba?”

Hajiya Asabe ta ce, “Ai abin da muka koya musu ke nan! Sati shida! Shi na maimaita da safe!”

Na ce, “Da safe ina wanki.”

Ba wanda ya yi dariya. Ta zauna ta yi mini bayani. A wurinsu, in mai neman aiki ya sunkuyar da kai, sai a ce yana ɓoye wani abu ko ba zai iya tsayawa a gaban mai hulɗa ba. In bai faɗi abin da ya iya ba, ba wanda zai faɗa masa. Na ce a wurinmu wanda ya dubi Alhaji haka ba zai kai Juma'a ba. Ta ce a wurinsu wanda ya durƙusa ba zai wuce ƙofa ba. Na ce to wane wurin kuke shirya su? Naku ko namu? Ai mu biyar ne za mu karɓe su. Injiniya ya ce a kamfaninsu sai an ga wanda ke kan kujera ranar, in babban ne a durƙusa, in ɗansa ne a miƙa hannu. Maimakon ya warware mini, sai ya ƙara ɗaure ni.

Yagana ta zo ta shida. Maki uku ne tsakaninta da Adamu. Na ce a ba ni fom ɗina in gyara. Dakta Musa ya ce, “Baba, da kafin a karanta ne, da sauƙi. Yanzu an faɗa a gaban kowa, yaron ya sa hannu, na ji shi yana yi wa mahaifinsa waya. In na cire shi, me zan ce ya yi? Ni ma da laifina, da na ƙara maka bayani.” Na ce a'a. Ya tambaye ni an gane, na ce an gane. Laifin a nan ya tsaya.

A gidan tsohon abokina Malam Gambo na sauka, manomin shinkafa ne a bakin kogi. Bayan Magariba aka kawo tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi, barkonon Gashua ya ji a ciki. Kullum in na je sai na nemi ƙari. Ranar loma biyar na yi. Na ba shi labari duka.

Ya ce, “Idi, kai da ko buhu ba ka karɓa sai ka buɗe na ƙasa, yau ka auna mutum daga bakin buhu?”

Na ce, “Ba wasa na zo yi ba, Gambo.”

Ya ce, “Ni ma ba wasa nake ba. Amma ka ci tuwo, uwargida za ta ce miyarta ce.”

Na ce masa abin da ya dame ni, har yanzu in ka ba ni fom ɗin, ban san me zan rubuta ba. Ya ce shi ɗansa da ya gama karatu, in zai fita neman aiki da hula biyu yake fita, ɗaya a kai ɗaya a aljihu, sai ya leƙa ofis ya ga wadda za ta yi. Ban san ko gaskiya ya faɗa ko tsokana ba.

Laraba ƙarfe bakwai ina tashar Nguru a Gashua, ina jiran mota ta cika. Na ƙi zama a baya. Ina tsaye sai wata mata da goyo ta zo ta cire takalmi a kan ƙasar tasha, ta durƙusa har gwiwa, kanta a ƙasa.

Ta ce, “Baba, ina kwana? An tashi lafiya? Yaya gajiyar jiya?”

Na amsa, na ce, “'Yar wa ce?”

Ta ce, “Yagana ce, Baba. Ta jiya.”

Na duba da kyau. Hijabin ne dai ruwan toka. Ta zo sa wa mahaifiyarta saƙo a motar ƙauyensu. Na ce ta tashi, ta tashi, amma idonta bai wuce takalmina ba.

Na ce, “Ke ce jiya kika kusa huda ni da ido?”

Ta rufe baki da gefen hijabi tana dariya. “Wallahi Baba ka yafe mini. Sati shida ina koyo. Akwai kalanda a ɗakina mai hoton wani dattijo, shi nake kallo kullum ina cewa ni ce na fi dacewa. Ran nan na gwada a kan Babanmu, ya kira mahaifiyata ya ce a nemo mai ruƙiyya. Jiya da na shigo na gan ka, sai da na ce a raina kalanda ne, kalanda ne.”

Na ce, “Lokacin tashi da kika tambaya fa?”

Ta juya ta nuna goyon. “Saboda wannan. In san wanda zan bar wa ita da yamma. Kuma an ce dole mu yi tambaya, in ba mu yi ba a ce ba mu damu da aikin ba.” Ta ƙara da cewa, “Allah bai yi ba dai. Na yi ta tunani ko ban kalle ku sosai ba ne.”

Modu ba ya nan, wani direban ne, yana ta kiran saura mutum ɗaya. Ina iya shiga mota in tafi. Ban saba barin kuskure a rufe ba, ko nawa ne.

Na ce, “Yagana, kin kalla sosai. Sauran biyun sun ba ki makinki. Ni ne na ba ki sifili biyu. Na ɗauka rashin kunya ne, ban san darasi ba ne. Da ba don ni ba, ke ce a cikin biyar ɗin.”

'Yar ta motsa, ta jijjiga ta. Ina jiran kuka ko baƙar magana, kuma duk wanda ya zo na cancanta.

Sai ta ce, “To Baba, wanne ne daidai? Don in sani nan gaba.”

Ni da ba a taɓa tambayata abu a sito na rasa amsa ba. Na ce, “Ban sani ba.” Ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta ɗauki jakata ta kai mini har mota.

Ƙarfe tara saura na iso Nguru. Ban je gida ba, na wuce sito. Da Alhaji ya dawo ranar Alhamis, na faɗa masa komai. Ya yi dariyar kifin, bai yi ta sauran ba. Na roƙe shi a ƙara gurbi ɗaya. Ya ce bana mutum ɗaya ya yi alkawari, kuma kasuwar riɗi ba ta ba shi damar biyu ba. Adamu ya fara aiki, yau sati biyu. Yana zuwa kafin kowa, yana gaida kowa, yana koyo a hankali. Ba ni da abin da zan ce a kansa, kuma kada wanda ya karanta wannan ya je ya faɗa masa wata magana. Bai yi komai ba.

Yanzu ga abin da nake nema. A cikinku akwai mai injin casa, akwai dillalin iri da taki, akwai wanda ƙaninsa yake riƙe da babbar gona a hanyar Machina. Kun san kanku. Wani a cikinku yana bukatar wanda ya san hatsi, ko da na wata shida ne. Ni na gwada ta da bakina, kuma kun san ba na yabon mutum. Wanda yake da wuri ya same ni a bakin sito, ni zan kai shi Gashua da ƙafata. In ta zo, ku gaya mata tun daga ƙofa irin gaisuwar da kuke so, ta durƙusa ko ta dube ku. Duka biyun ta iya. Kada ku bar ta ta yi ta canka, kamar yadda na bar ta.